Sana'ar Gyaran Alƙalamin Tawada da Ƙalubalen Ɗakin Marasa Lafiya

A cikin kayan da likita ke shiga ɗakin marasa lafiya da su, akwai wanda ake turarawa a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, akwai wanda ake yarwa bayan an yi amfani da shi sau ɗaya, akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba sam. Alƙalami yana cikin kashi na uku. Da shi ake rubuta magani, da shi ake cika fayil, a miƙa wa ɗan'uwan majiyyaci ya sa hannu a takardar amincewa da tiyata, nas ta ara ta rubuta awon zafin jiki, daga nan ya koma aljihu a tafi da shi gida.

Idan biro ne mai araha, abin da sauƙi: a goge shi da sipirit, in ya lalace a sayi wani. Amma akwai likitoci da ma'aikatan jinya, musamman a Amurka da Turai da Indiya da Japan, da ba sa jin daɗin rubutu sai da alƙalamin tawada. Wani bakinsa na zinariya ne, kuɗinsa ya kai ɗaruruwan daloli. Wani gadon uba ne, wani kyautar kammala karatu. Irin wannan alƙalami, sau da yawa maganin da ke kashe ƙwayar cutar da ke jikinsa shi ne kuma ke lalata shi. Wannan matsala ce ta ƙara wa wata tsohuwar sana'a aiki, wato sana'ar masu gyaran alƙalami.

Inda sana'ar take

Alƙalamin da ke ɗauke da tawadarsa a cikinsa ya fara kankama ne bayan da Lewis Waterman ya yi rajistar nasa samfurin a Amurka a 1884. Daga lokacin har tsakiyar ƙarni na 20, shi ne kayan aikin akawu da alƙali da likita da ɗan makaranta. Abin da ake amfani da shi kullum kuwa dole ya lalace, don haka kusan kowane babban birni yana da masu gyaransa, kamar yadda yake da masu gyaran agogo. Da biro ya shigo, bayan ƙirƙirar László Bíró da fitowar Bic Cristal a 1950, sai kasuwar ta faɗi. Mutane suka koma ga abin da ba ya buƙatar kwalbar tawada, kuma ba ya buƙatar gyara.

Sana'ar ta ragu amma ba ta mutu ba. A birnin New York akwai kantin Fountain Pen Hospital da aka buɗe a 1946. A Indiya akwai shagon Pen Hospital a Kolkata, akwai Honest Pen Hospital a Thrissur ta jihar Kerala, akwai kuma Deccan Pen Stores a Hyderabad. A garin Rajahmundry ne gidan Ratnam ya fara ƙera alƙalumma a 1932, lokacin da ake kiran Indiyawa su koma ga kayan gida, har Mahatma Gandhi ya rubuta musu wasiƙar yabo a 1935. A Japan, inda kamfanonin Sailor da Pilot da Platinum suka haura shekara 100, ƙwararru kan zaga kantunan kayan rubutu a ranakun da aka sanar, mutane su yi layi da alƙalummansu a duba musu. Akwai kuma baje kolin alƙalumma na shekara-shekara a Washington da Landan da Tokyo, inda mai gyara zai kafa teburinsa, mai kaya ya zauna a gabansa, a gyara, ya gwada rubutu, a sake gyarawa har sai hannunsa ya gamsu.

Babu wata jami'a da ke ba da digiri a wannan fanni. Ana koya ne a gaban maigida, ko a masana'anta, ko ta hanyar littattafan da tsofaffin hannu suka bari, irin na Frank Dubiel a Amurka da na Jim Marshall da Laurence Oldfield a Ingila. Ɗan koyo yakan fara da alƙalumma masu araha da aka riga aka fid da rai da su, ya fasa da yawa kafin a yarda ya taɓa na mutane.

Kayan aiki da yadda ake yi

Teburin mai gyaran alƙalami bai cika girma ba. Za ka ga madubin ƙara girma da ake kangawa a ido, wanda ke ninka abu sau 10 ko fiye, filaya mai baki lulluɓe da roba don kada ta ji wa alƙalami ciwo, ɗan gungumen katako ko ƙarfe mai huda-huda da ake dora wuyan alƙalami a kai a fitar da bakinsa, siririn fallen tagulla na share tsagar baki, takardar gurza mai laushin gaske, man silikon, da 'yar robar nan mai kama da ƙwai da ake zuƙe wa jarirai majina, wadda ake tura ruwa da ita ta cikin alƙalami. Wasu suna da ɗan kwanon lantarki mai girgiza ruwa da sauti, wanda ke kakkaɓe busasshiyar tawada daga lungunan da burushi ba ya kaiwa.

Alƙalamin kansa sassa kaɗan ne. Akwai marfi da maƙalinsa na aljihu, akwai gangar jiki, akwai wuya inda yatsu ke riƙewa, akwai baki, sannan a ƙarƙashin bakin akwai magudanar tawada. Bakin na ƙarfe ne ko zinariya mai karat 14 ko 18, wani lokaci 21, a tsage gida biyu, kuma a tsininsa an liƙa ɗan ɗigon ƙarfe mai taurin gaske don kada takarda ta cinye shi. Tawada tana bin siririyar tsagar ne zuwa takarda, iska kuma tana komawa ciki ta magudanar don ta cike gurbin abin da ya fita. Duk gwanintar tana cikin daidaita waɗannan biyun. Iska ta yi yawa, alƙalami ya yi yoyo. Ta yi kaɗan, ya ƙi rubutu. Ma'ajiyar tawadar kuma iri-iri ce: tsofaffi suna da 'yar jakar roba da ake matsawa, kamfanin Pelikan na Jamus ya fito da mai fistin a 1929, na zamani da yawa kuma kwanso ake cusa musu, in ya ƙare a canza.

Yawancin aikin yau da kullum bai wuce wanke tawadar da ta daskare, canza jakar robar da ta tsufa ta bushe, miƙe bakin da ya faɗi ƙasa ya lanƙwashe, da daidaita tsini don ya daina kartar takarda ba. Amma abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne sanin abin da aka ƙera jikin alƙalamin da shi. Kafin gwani ya ɗiga ko da ruwa a kan alƙalami, sai ya duba shi a haske, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya murza shi da yatsa ya sunsuna. Ƙamshin kafur yana nufin abu ɗaya, warin ƙonanniyar taya yana nufin wani. Wannan ilimi ne likita ke zuwa nema, ko da bai san shi yake nema ba.

Kowane jiki da abin da yake tsoro

Tsofaffin alƙalumma na farko da ebonait aka yi su, wato robar itace da aka dafa da farar wuta har ta yi tauri. Har yau ana ƙera shi a Indiya da Japan. Ebonait ba ya tsoron tawada, amma yana tsoron hasken rana da zafi. Wanda ya sha haske, da zarar ruwan ɗumi ya taɓa shi sai baƙinsa ya koma ruwan ƙasa ko kore-kore, kuma dawo da launin aiki ne babba.

Daga 1924, lokacin da kamfanin Sheaffer ya fara amfani da seluloid, alƙalumma suka samu launuka masu ɗaukar ido. Seluloid haɗi ne na sinadarin auduga da kafur. Kafur kuwa yana narkewa a sipirit, don haka audugar sipirit ɗaya na iya dusashe sheƙin alƙalamin da ya shekara 90 lafiya lau, ta bar shi da danƙo ko tabo. Ga shi kuma da saurin kama wuta, shi ya sa mai gyara ba ya kusantar da shi ga harshen wuta. Iska mai ɗumi kawai yake hura masa idan zai kwance wuyansa.

Akwai wanda aka yi da kasin, sinadarin da ake samu daga madara, irin wasu na kamfanin Conway Stewart na Ingila. Shi ko ruwan sanyi aka jiƙa shi a ciki ya daɗe, sai ya kumbura ya karkace. Akwai na Japan masu shafen urushi, ruwan jikin wani itace da ake shafawa sau da yawa, a yi masa zane da garin zinariya. Asali ma kamfanin Pilot ya fara shafa shi ne don ya kare ebonait daga dusashewa. Urushi yana da juriya ƙwarai, amma haske mai ƙarfi yana cin sa sannu a hankali.

Na zamani masu tsada yawanci da akirilik ake yin su, wato robar nan mai sheƙi kamar gilashi, wadda alƙalamin Parker 51 ya shahara da ita tun 1941. Sipirit ba ya narkar da akirilik nan take, abin da yake yi ya fi haka wayo. Yana shiga wuraren da robar take a ɗaure, kamar zaren murɗa marfi da leɓen marfin da inda aka cusa ƙarfe, ya haifar da tsagu ƙanana da ido ba ya gani da farko. Bayan makonni ko watanni sai marfi ya dare, mai shi ya rantse bai taɓa yar da shi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Haka abin yake ga robar folikabonet. Asibitoci ma sun san wannan matsala, domin jikin na'urorinsu na roba yakan tsattsage saboda yawan gogewa da magunguna masu ƙarfi.

Sai abin da ba a gani daga waje. Jakar tawada ta tsofaffin alƙalumma da shalak ake liƙa ta, wani ƙaro da ake samu daga wani ƙwaro a Indiya da Tailan. Shalak yana narkewa a sipirit, yana kuma yin laushi da zafi. Wanda ya tsoma alƙalaminsa a kofin sipirit zai iya ganin sakamakon a aljihun farar rigarsa. Bilic kuma, wato ruwan kulorin irin su Jik da Hypo, yana huda ƙarfe ko da wanda ba ya tsatsa ne, yana baƙanta azurfa, yana cin siririn ruwan zinariyar da aka shafa wa maƙali da zobe. Tukunyar tururi ta asibiti, wadda ke kai zafin digiri 121 ko 134, ba a ma maganarta: roba za ta fito a lanƙwashe. Fitilar haske mai kashe ƙwayoyin cuta da ta yi kasuwa lokacin korona tana da aibu biyu: ba ta kaiwa ƙarƙashin maƙali da sauran wuraren inuwa, sannan irin haskenta ne ainihin abin da ebonait da seluloid da urushi ba sa so.

Abin da asibiti yake nema

A ɗaya ɓangaren, damuwar asibiti ba ta wasa ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce a cikin kowane majiyyata 100 da aka kwantar, 7 a ƙasashe masu arziki da 15 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi za su kamu da wata cutar da ba su zo da ita ba, kuma kusan 1 cikin 10 na waɗanda suka kamu ba sa tashi. Babbar hanyar da cutar ke bi ita ce hannu, abin da Ignaz Semmelweis ya nuna a asibitin haihuwa na Biyana tun 1847. Duk abin da hannu ke yawan taɓawa kuwa yana iya zama zangon da ƙwayar cuta za ta sauka ta jira wani hannun.

Masu bincike sun duba alƙalumma. Mujallar likitoci ta The Lancet ta buga rahotanni a 1997 da 1998 a kan birukan likitoci da ma'aikatan jinya, kuma na biyun, wanda aka yi a Landan, ya samu ƙwayar MRSA mai bijire wa magunguna a jikin wasu daga cikinsu. Wani binciken da aka buga a 2011 daga Houston ta Amurka ya nuna cewa goge biro da man tsabtace hannu mai sipirit tsakanin majiyyaci da majiyyaci yana rage ƙwayoyin sosai. Samun ƙwaya a jikin alƙalami ba hujja ba ce cewa shi ya harbi wani, amma ya isa ya nuna cewa hannun da aka wanke zai iya sake gurɓata da zarar ya koma aljihu.

Masana rigakafin cututtuka suna bin rabon da Earle Spaulding ya yi wa kayan asibiti gida uku. Abin da ke shiga cikin nama ko jini, kamar wuƙar tiyata, dole a kashe duk wani abu mai rai da ke jikinsa. Abin da ke taɓa cikin baki ko maƙogwaro yana buƙatar tsabtacewa mai ƙarfi. Abin da ke taɓa lafiyayyar fata kawai, kamar abin awon jini na damtse, wanki da gogewa da magani matsakaici sun wadatar. Alƙalami yana wannan gida na uku. Ba a neman ya zama kamar kayan tiyata. Ana neman a iya goge shi akai-akai da abin da asibiti ya amince da shi. Abin da aka saba shi ne sipirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, ko ruwan kulorin mai kashi 0.1, a bar wurin a jiƙe na aƙalla minti 1. An fi son kashi 70 a kan tsantsar sipirit ne saboda ruwan da ke ciki yana taimaka masa ya ratsa ƙwayar, kuma yana hana shi bushewa da wuri. Ko shi ma yana da iyaka: ba ya kashe ƙwan ƙwayar Clostridioides difficile mai haddasa gudawa a asibiti, wadda sai kulorin da wanke hannu da sabulu.

To ga inda gizo ke saƙar: abubuwa biyun da asibiti ya fi dogara da su, sipirit da kulorin, su ne a sahun gaba cikin abubuwan da mai gyaran alƙalami ke hana mutane.

Yadda gwani ke warware matsalar

Mai gyaran da ya san aikinsa yakan fara da tambayar inda alƙalamin yake shiga. Na ofis daban, na zagayen duba marasa lafiya daban, na ɗakin killacewa daban.

Alƙalamin da ke zaune a tebur, wanda mai shi kaɗai ke taɓawa bayan ya wanke hannu, sabulu mara ƙarfi da ruwa mai sanyi sun ishe shi. A jiƙa tsumma mai laushi, a matse, a goge gangar jiki da marfi da wuya, a bi ƙarƙashin maƙali da zaren murɗi da tsinken auduga, a sake gogewa da ruwa zalla, a shanya a inuwa. Sabulu yana ɗauke datti da maiƙon hannu tare da mafi yawan ƙwayoyin da ke maƙale da su, yana kuma fasa rigar kitse ta ƙwayoyi irin na mura da korona. Ko a ƙa'idar asibiti wanki ne ke gaba, domin magani ba ya aiki sosai a kan datti. Cikin alƙalamin kuma ruwa ake bi da shi har ya fito garau. Idan tawada ta daskare, masu gyara kan yi amfani da ruwan amoniya da aka tsinka kashi 1 cikin 10, ban da alƙalamin da ke da sassan alminiyam ko tagulla. Gargaɗin da ba a wasa da shi a nan shi ne kada amoniya ta haɗu da bilic, domin hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

Wasu sun ɗauki dabarar ajiye alƙalami ya huta, su riƙa juya guda uku ko huɗu. Dabarar ta samo asali ne daga wani bincike da aka buga a watan Maris na 2020, wanda ya nuna ƙwayar korona tana kaiwa awa 72 a kan roba da ƙarfe. Ga korona dabarar tana da ma'ana. Amma ƙwayar Staphylococcus aureus tana iya rayuwa a busasshen wuri daga mako guda har watanni, don haka hutun kwana uku ba ya maye gurbin wanki.

Alƙalamin da zai bi likita gado-gado kuwa, shawarar ita ce a zaɓe shi tun farko don ya jure gogewa. Mai jikin ƙarfen da ba ya tsatsa ko taitaniyam, sumul, ba zane mai zurfi, ba fata, ba katako, ba robar riƙo mai tara datti. Sipirit ba ya yi wa irin wannan komai, muddin an goge jikin ne da marfin a rufe, ba a tsoma shi ba, domin ko mai jikin ƙarfe yana da roba a wuya da cikin marfi. Wasu sun fi son na jan ƙarfe ko tagulla da ba a shafe ba, saboda waɗannan ƙarafa suna kashe ƙwayoyin cuta da kansu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince da hakan a 2008, kuma a binciken 2020 ɗin ba a samu ƙwayar korona mai rai a kan jan ƙarfe bayan awa 4 ba. Kamfanin Kaweco na Jamus yana ƙera irinsu. Sai dai aikin nasu na sa'o'i ne, alhali tsakanin gado da gado mintuna ne, don haka su ma sai an goge. Marfi shi ma abin lura ne: mai aikin da hannunsa ɗaya ke riƙe da fayil yakan cire marfi da haƙori. Wannan ya sa alƙalamin Pilot Capless mara marfi, wanda ya fara fitowa a 1963 kuma a yau ake danna shi kamar biro, ya samu karɓuwa a wurin masu aikin asibiti.

Akwai wata ɓarna da masu gyara suka ƙara gani tun zuwan korona, wadda ba daga goge alƙalami take zuwa ba. Mutum ne zai shafa man tsabtace hannu, kafin ya bushe ya damƙi alƙalami. Sipirit ɗin sai ya zauna a wuyan alƙalamin sau da yawa a yini. Maganin abin yana cikin ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa tun 2009: a murza hannu daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya bushe. Wanda ya cika wannan ƙa'ida ya kashe ƙwayar yadda ya kamata, ya kuma tsirar da alƙalaminsa.

Tawada ma tana cikin shawarar. Fayil ɗin majiyyaci takarda ce da kotu za ta iya nema bayan shekaru, kuma tana zaune a inda ruwa ke fantsama. Yawancin tawadar kwalba tana zuba da ɗigon ruwa, ta biro kuma sipirit ke narkar da ita. Don haka akan ba da shawarar tawada mai ƙwayar gawayi, irin Platinum Carbon Black, ko mai sinadarin ƙarfe irin wadda masu rajistar haihuwa da aure suka daɗe suna amfani da ita a Ingila. Irin waɗannan suna riƙe takarda, amma suna toshe alƙalami idan ba a wanke shi akai-akai ba. Takardu masu kwafi a ƙasa kuwa sai biro, domin suna buƙatar dannawa, bakin zinariya kuma ba ya son danni.

Inda gwani ke cewa a'a

Darajar mai sana'a tana bayyana ne a lokacin da ya faɗa wa mai kaya abin da ba ya son ji. Idan alƙalamin seluloid ko urushi ne, babu wata dabara da za ta sa ya dace da ɗakin marasa lafiya. A bar shi a gida ko a ofis. Idan jini ko wani ruwan jiki ya taɓa alƙalami, maganar ta fita daga hannun mai gyara ta koma ga ƙa'idar asibiti, wadda ke neman kulorin mai kashi 0.5, ko da kuwa zai ɓata shi. Ɗakin killacewa kuma yana da nasa biron da ke zaune a ciki, ba ya fitowa sai zuwa kwandon da za a ƙona.

Yammacin Afirka ya ga iyakar wannan ƙa'ida a annobar Ebola ta 2014. A cibiyoyin jinya, ko takarda ba ta fita daga sashen masu cutar. Ma'aikaci yakan tsaya a bakin shinge ya ɗaga murya ya karanto abin da ya rubuta, wani a waje ya kwafa. Wannan wahala ce ta sa ƙungiyar likitoci ta MSF da injiniyoyin Google suka haɗa wata kwamfutar hannu a cikin kwanson roba da ake iya tsomawa a ruwan kulorin, aka gwada ta a Saliyo a 2015. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, yana dawowa duk rani, kuma rahotannin mako-mako na hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, suna lissafa ma'aikatan lafiyar da suka kamu. A irin wannan wuri ba a tambayar kuɗin alƙalami.

Abin da ya shafe mu

A asibitocinmu alƙalamin tawada ya yi ƙaranci, ko da yake waɗanda suka yi makaranta a shekarun baya ba su manta da kwalbar tawadar Quink ba, kuma har yanzu akan ba sabon likita ko wanda ya samu ƙarin girma kyautar alƙalamin Parker. Amma mafi yawan bayanan marasa lafiya a takarda ake rubuta su, biro ɗaya kuma yakan zaga hannu da yawa kafin a tashi aiki. Saboda haka darasin masu gyaran alƙalami ya shafe mu ko da ba mu da shagunansu. Masu gyaran agogo da tabarau da maƙeran zinariya na kasuwanninmu suna da ido da haƙurin da aikin ke buƙata. Abin da zai rage wa mai sha'awa shi ne ya koyi bambance robobin nan kafin ya taɓa kayan mutane, kada garin neman gira a rasa ido.

Ga ma'aikacin lafiya kuwa, hukuncin a bayyane yake. Ka ware alƙalami ɗaya na aiki, mai jikin ƙarfe ko biro mai araha, ka goge shi da sipirit a farkon aiki da ƙarshensa da duk lokacin da wani ya ara. Kada ka taɓa shi da safar hannun da ka duba majiyyaci da ita, kada ka sa shi a baki, kuma ka ajiye wani daban don masu sa hannu. Mai tsadar ka bar shi inda sabulu da ruwa za su ishe shi. Idan kuma wata rana zaɓi ya zama tsakanin lafiyar alƙalami da lafiyar majiyyaci, alƙalamin ne zai haƙura.